Sarkin Ruwan Tandabawi

Shekara ashirin da bakwai Mahmudu ya yi yana kamun kifi da baki a unguwar Tandabawi ta Makka. Garin Makka kuwa babu kogi, babu tafki, babu ko kududdufin da kwaɗo zai jiƙa cikinsa, saboda haka ba wanda ya taɓa ce masa to bismilla, ga ruwa nan. Kullum bayan la'asar, in ya hura gawayin tukubar tsirensa a bakin lungu, sai ya shiga ba masu saye labarin Yawuri: yadda ya yi kokawa da giwan ruwa a tsakiyar kogin Kwara, da yadda yake duban fuskar ruwa kawai ya faɗi irin kifin da ke kwance a ƙasa. Har sunansa na yanka ya ɓace, babba da yaro sai Sarkin Ruwa.

Ɗaso, matarsa, tana jin duk wannan daga bayan labule inda take daka masa yajin tsire. Sai dai ta ja tsaki can ƙasan maƙoshi. Ai ta san shi tun a Yawurin. Mahaifinsa masunci ne na gaske, Allah ya jiƙansa, haka ma yayansa. Shi kuwa aikinsa a cikin kwalekwale kwarfe ruwa da ƙoƙo, a tudu kuma hura wutar banda. Da suka taso hajji a ƙafa, suka biyo ta Chadi, suka yi shekara huɗu suna tsinkar auduga a Sudan, ranar da suka shiga jirgi a Sawakin za su haye Bahar Maliya, Sarkin Ruwan nan rub da ciki ya kwanta, ya lulluɓe kai da zanenta, yana amai yana salati har aka hango ƙasa. Ta raina labaran nan nasa iyakar raini. Amma ta san sunan shi ne kaɗai abin da ya mallaka a garin. Da shi ake matsa masa a tabarmar ɗaurin aure, da shi kuma aka ga ƙimar gidansu har Abdulganiyyu, haifaffen Makka mai aikin ofis, ya auri 'yarsu ɗaya tilo, Rumasa'u.

To, surukin nan shi ya jawo. A watan Muharram na shekarar 1385, alhazai sun watse, gari ya yi fayau, sai ya sayi wanet, wato ƙaramar a-kori-kura, ya ce zai kai gida biyu shan iska bakin teku a Shu'aiba. Da a nan maganar ta tsaya da sauƙi. Amma uwarsa, Hajiya Shatu, mace mai haƙorin Makka biyu da bakin da ba ya ajiye magana, ta tako har gaban tukuba, a gaban mutane, ta ce ita burinta ɗaya kafin ta mutu ta ci kifin da Sarkin Ruwa ya kama da hannunsa. Mahmudu ya buga ƙirji ya ce ta zo da babbar tukunya. Ɗaso da ke bayan labule ta ajiye taɓarya ta ce a ranta, yau ga ta, ƙarya ta kai bakin ruwa.

Suka fita bayan sallar asuba ranar Alhamis. Maza biyu a gaba, mata uku da jikoki uku a baya tare da garwar ruwa, da burodi, da itace, da tukunyar Shatu. Mahmudu ya ɗauko birginsa, ragar jifan nan da ya taho da ita daga gida, wadda ta haura shekara talatin a gindin akwati ba ta ga ɗigon ruwa ba. Bayan sun bar kwalta suka yi ta lilo a yashi, sai da hantsi ya dubi ludayi sannan teku ta bayyana.

Abdulganiyyu ya ɗaura tamfol a jikin mota, mata suka zauna. Ya nuna wa surukinsa can nesa inda koren ruwa ya ƙare shuɗi ya fara, inda wasu masunta suke tsaye ruwa iya ƙirji. Ya ce abokan aikinsa sun gaya masa a bakin dutsen nan na cikin ruwa ake samun najil da hamur, manyan kifayen wurin. Mahmudu ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce wannan maganar 'yan ofis ce. Wane kifi mai hankali ne zai zauna a ruwan da mutum ke ganin yatsun ƙafarsa? Babu ciyawa, babu laka, babu inuwa. Ya ɗebo ruwan a tafin hannu ya kurɓa, ya tofar, ya ce ruwan da jaki ba zai sha ba, shi ake kira teku ana ta kumbura. Ɗaso ta lura duk wannan raini a kan busasshiyar ƙasa yake yin sa, gefen wandonsa ma bai jiƙe ba.

Aka shiga neman wuri. Mahmudu ya sa suka bi gaɓa da mota, ya ce a tsaya, ya sauko, ya shinshina iska, ya girgiza kai, aka ƙara gaba. Sau huɗu ana haka, ana kwance tamfol ana ɗaurawa, Shatu na fifita da gefen mayafi tana cewa ai gwani ba ya gaggawa. A wuri na biyar ya ga wani dutse da ya ɗan shiga ruwa, ya hau, ya karanta abin da ya karanta, ya wurga birgi. Wurgin dai ba laifi, ragar ta buɗe. Da ya ja sai ta ƙi zuwa. Ya ja, Abdulganiyyu ya kama masa, suka ja tare, sai ga igiya da ɗan tsumma a bakinta. Duwatsun ƙasan tekun masu kaifi sun cinye sauran. Mahmudu ya ce wannan ba ruwa ba ne, shara ce, wane irin ƙasan ruwa ne aka cika da wuƙaƙe? Shatu ta ce Allah ya mayar da alheri, ta juya tana gyara ɗankwalin jikarta don kada a ga bakinta.

Gab da azahar suka iso wani lungu da teku ta kutsa cikin ƙasa ta kwanta. Ruwan ya yi duhu, ba ya motsi, ga wasu gajerun itatuwa tsaye a cikinsa, ga warin laka. Mahmudu ya sauke numfashi ya ce nan ne. Nan ne kifi yake kwana, duk wanda ya san ruwa ya san haka. Ɗaso ta san abin da ya burge shi: wurin ya yi kama da bayan garinsu, kuma zurfinsa iya gwiwa ne.

Ya ɗana fatsa da guntun naman tsire. Ya jefa, aka ja, ya fizgo, babu ƙugiya, an datse zaren kamar da almakashi. Haka ƙugiya uku suka tafi. Aka yi azahar, jikoki suka fara kukan yunwa, Rumasa'u tana lallashinsu da cewa kakansu na nan tafe da kifi. Sai wajen la'asar, da ya ɗaura ƙugiya da waya, ya fizgo wani abu mai farin ciki da haƙora huɗu. Yana faɗuwa kan yashi ya shiga kumbura har ya zama kamar ƙwarya.

"Talibambam," in ji Mahmudu. "Ɗaso, zo ki ga ɗan garinmu."

Ta zo ta gani. Wallahi ya yi kama da na Kwara, wanda yara suke feɗe fatarsa su yi ganga. Ta ga fuskar mijinta ta washe da murna ta gaske, ba irin ta gaban tukuba ba, sai ta ji tausayinsa ya tsarga mata, ta kuma ji haushin kanta da ta ji. Kafin a jima ya ƙara biyu.

Yana cikin wanke su sai ga wani tsohon masunci Balarabe ya biyo gaɓa, baƙi wuluk saboda rana, da jajayen kifaye a rataye a kafaɗa. Ya yi sallama, ya leƙa, sai ya ja da baya. Ya ce wannan shi suke kira garrad, a haƙa rami a binne shi. Ya ce bara a wani ƙauye nan kudu mutum uku 'yan gida ɗaya aka kai kabari a kansa, leɓe ne ke fara mutuwa, sai harshe, sai numfashi. Ko kyanwa kewaye shi take yi. Mahmudu ya yi dariya ya ce masa da Larabcinsa na kasuwa, su a ƙasarsu tun kaka da kakanni suke cin sa, sanin gyara ne kawai. Tsohon ya dubi yaran, ya ɗaga hannu sama, ya wuce ya zauna can gefe yana gyaran zarensa.

Abdulganiyyu ya dubi Mahmudu ya ce, Baba, ko dai a haƙura? Kafin Mahmudu ya buɗe baki Shatu ta karɓe. Ta ce haba, me baƙauye zai gaya wa Sarkin Ruwa a kan kifi? In ya ce a ci, ai sai a ci. Ta miƙo tukunyarta tana murmushi. Ɗaso ta dube ta ta gane sarai: matar nan ba ci za ta yi ba, jira take ya janye maganarsa ta kwashi labari ta kai Tandabawi gida gida.

Mahmudu ya ce shi zai dafa da kansa, mata ba su san kansa ba. Ya kafa duwatsu uku, ya hura wuta, abin da ya iya ke nan tun yana saurayi. Ɗaso ta zauna tana kallonsa. Ta ga da ya gama feɗewa ya goge hannunsa da yashi sau uku, ya koma ya wanke da sabulu. Ta ga yana juya romo bai ɗanɗana ba, mutumin da ko ruwan zafi aka ɗora sai ya lashi ludayi. Romo ya tafasa, ƙamshi ya tashi, jikoki suka jeru da kwanuka da burodi a hannu. Ya ce bai nuna ba tukuna, ya ƙara itace. Kifi ya farfashe ya narke, ya ce da saura. Shatu ta ce rana fa za ta faɗi. Ya ɗauki ludayi, ya ajiye, ya sake ɗauka. Sannan ya ɗago ya dubi Ɗaso.

Ta san kallon nan. Shi ya yi mata a jirgin Sawakin kafin ya ja zanenta ya rufe kai. Ya yarda da maganar tsohon tun farko, amma bakinsa ba zai iya cewa a zubar ba a gaban Shatu. Ƙaramar jikarsu ta matso ta miƙa masa kwanonta, shi kuma yana tsaye da ludayi cike, bai zuba ba, bai mayar ba. Wani irin raini ya cika Ɗaso har ta ji ɗacinsa a harshe.

Ta miƙe ta ɗauki garwar ruwa kamar za ta ba yara su wanke hannu. Da ta zo daidai murhu sai ta yi tuntuɓe, ta sa ƙafar dama ta ture dutse ɗaya. Tukunya ta kife, romo ya bi ƙafarta ya shige yashi, wuta ta yi cuu ta mutu.

Nan fa muryar Sarkin Ruwa ta dawo. Ya yi mata tas a gaban surukai. Ya ce tsufa ya kama ta, makauniya ce, ta zubar da wahalar wuni guda, ta hana Hajiya abin da ta yi buri. Ɗaso na zaune Rumasa'u na zuba mata ruwa a ƙafa, fata ta tashi ta yi fari. Abdulganiyyu ya je wajen tsohon ya karɓo najil biyu aka gasa. Mahmudu ya fi kowa ci, yana ci yana cewa lami ne, kifin teku ba shi da ɗanɗano.

Suka koma Makka da sunansa lafiya lau, har ya ƙara ƙiba. Talibambam uku suka zama bakwai, kowanne ya kai tulu. Shatu ba ta samu labarin da ta je nema ba, sai ta yi maneji da wanda ta samu, ta bi gidaje tana kwaikwayon tuntuɓen Ɗaso. Wata guda Ɗaso tana ɗingishi zuwa Harami, mata na tambayarta ya ƙafa suna danne dariya.

Ranar da ta kwance tsumman ƙafar, da hantsi, Mahmudu yana zaune a tsakar gida yana tsire nama a tsinke, ita tana tankaɗe yaji. Ba kowa sai su biyu. Ta yi magana ba tare da ta ɗago kai ba.

"Malam, tambaya ɗaya zan yi maka, ba zan sake ba. Da ban tashi ba, wa za ka fara zuba wa?"

Hannunsa ya tsaya a kan tsinken. Ta jira. Kalma ɗaya take so, ko da ƙarya ce, ya ce ni. Mutumin da ya shekara ashirin da bakwai bakinsa bai huta ba, ya dubi naman, ya dubi tabon ƙafarta, ya ce gawayi ya kusa ƙarewa, bari ya je ya sayo. Ya saka takalmi ya fita.

Da la'asar ta ji shi a bakin lungu ya fara, wai ranar nan a Shu'aiba da ya dubi fuskar ruwa. Ɗaso ta tashi ta rufe ƙofar da shekara ashirin da bakwai take barinta a buɗe, ta ja turminta zuwa ƙuryar gida.