Layi Biyu, Rami Ɗaya

Injiniya ta yi wa Manaja bayanin nan har bakinta ya gaji. Wayar wutar da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa babban asibiti ta tsufa, bututun ruwan zafin da ke gefenta ma yoyo yake yi. Ita aka ba aikin tsara sababbi, sai ta zana layin wuta biyu: ɗaya ya bi tsohuwar hanya tare da bututun, ɗaya ya zagaya ta bayan kasuwa, don in ɗaya ya lalace ɗayan ya riƙe asibitin. Ba neman suna ya sa ta nace ba. Innarta na zuwa wankin ƙoda a can, kuma an taɓa ɗauke wuta tana kan inji.

Manaja, wanda ko fitilar ofis ya gani a kunne sai ya ji kamar jininsa ake zuƙa, ya bi zanen da yatsa.

"'Yata, wannan zagaye-zagayen fa? Tsada kawai. Ga ramin bututu za a haƙa, a zuba wayoyin duka a ciki mana."

"Yallaɓai, in motar haƙa ta sari ɗaya, ta sari ɗayar. In bututu ya fashe, tare zai dafa su."

"Ba layi biyu kika ce ba?"

"Biyu, amma kowanne da hanyarsa."

"To, biyu dai ai biyu ne. Ni ban rage miki ko ɗaya ba."

Takaici ya kama ta. Abin haushin, ba mugu ba ne. Tsakaninsa da Allah yake ganin ya yi mata adalci.

A zaman kwamiti ta sake gwadawa. Ta ɗauko igiyoyin caja guda biyu ta shimfiɗa kan tebur, ta kama su da hannu ɗaya ta fizge, don su ga yadda abu ɗaya zai kwashe su tare. Wani dattijo ya gyaɗa kai, har ta fara murna, ashe gyangyaɗi yake yi. Shugaban zaman ya tambaya ko an yi layi biyu. Manaja ya ce an yi. Aka wuce zuwa maganar fentin ofis. Ta ƙi sa hannu a zanen da aka sauya, mataimakin Manaja ya sa, ba a ma tsaya rarrashinta ba. Sunanta kuwa yana nan a ƙasan zanen.

Ana tsakiyar aikin ta ɗauko Inna a mota za su asibiti, cunkoso ya tsayar da su daidai bakin ramin. Ga wayoyin nan baƙaƙe kwance kafaɗa da kafaɗa, bututun na gefensu, leburori na zuba yashi.

Inna ta sauke gilashi ta kira wani mai shebur. "Sannunku da aiki. Ka ga wannan? 'Yata ce ta zana muku shi."

"Inna, don Allah ɗaga gilashin, ƙura."

Inna ta ɗaga, ta gyara zama, fuskarta fal murna.

"Har biyu kika sa mini. Yanzu in sun ɗora ni kan injin nan sai in yi barcina, ko?"

Injiniya ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Na baya ya danna mata hon.

"Ki yi barcinki, Inna," ta ce. "Ni zan zauna a gefenki."