Roƙon Hanya a Parkchester

Hidaya na kwashe tuwo daga tukunya ta biyu lokacin da Kawu Abubakar ya leƙo kicin ya ce mata ta wanko hannu, iyayenta za su roƙi hanya.

Ta ajiye marar. Dama wannan take jira tun sati uku da suka wuce, ranar da ta ɗauko su daga filin jirgi, fatarsu ta yi baƙi ƙirin, jakunkunansu na ƙamshin busasshen kifi.

Shekara biyu ke nan da Baba Braimah ya mayar da makullin tasinsa, Mma Safiatu ta bar aikin kula da tsofaffi a gidajensu, suka danƙa wa Hidaya wannan gida na hawa na biyar a unguwar Parkchester, suka ce za su je ganin teku. Kowa ya ɗauka wata guda za su yi a Ankara su dawo. Ina! Daga Dakar suka fara, suka dinga gangarowa gaɓa-gaɓa, yau a motar haya, gobe a kwalekwale. Duk garin da suka sauka sai su tambayi zango, su gaida sarkinsa, a ba su ɗaki. Banjul, Konakiri, Abijan, Takoradi, har Kwatano. Mutane biyu masu furfura, da buta ɗaya da tabarma biyu. Wallahi ko Hidaya da ke fushi da tafiyar, in hoto ya shigo wayarta sai ta zagaya da shi ta nuna wa abokan aikinta a asibiti.

Amma ita nas ce, ta san abin da ta sani. A Firitawun zazzaɓi ya kwantar da Baba kwana tara, ba wanda ya gaya mata sai da ya tashi. Jininsa kuma hawa yake. Yanzu ga shi wai saura Kalaba da Duwala, za su koma su ƙarasa.

Su kuwa mutanen Zangon Kumasi ne, baƙo ba ya fita gida sai ya roƙi hanya wurin mai gidan. Danginsu ba sa wasa da wannan. Kawu Abubakar kansa ya taɓa barin jirgi ya tashi ba shi, don tsohuwarsu ta ce ba ta ba shi hanya ba. Tunda aka ba Hidaya gidan, ita ce mai gida, iyayenta baƙinta ne. Kalma ɗaya za ta faɗa su zauna, kuma ta shirya faɗarta.

Falon ya cika maƙil. 'Yan uwa sun zo daga Mount Hope, wasu tun daga Ohio, takalma sun toshe ƙofa har bakin lifta. Baba ya gyara hularsa, ya dubi yayansa, Kawu Abubakar, don ba a roƙon hanya kai tsaye.

"Yaya, ka isar wa uwar gida. Mun zo, mun sha ruwa, mun ci, mun ga jikoki. Muna roƙon hanya."

"Uwar gida, kin ji," in ji Kawu.

"Na ji, Kawu." Ta dubi mahaifiyarta. "Kafin in amsa, ina so in yi magana da Mma."

Ta ja mahaifiyarta zuwa ɗaki ta tura ƙofa.

"Mma, ba sai kin ce komai a gabansa ba. Ni zan hana. Ya isa haka, yana jan ki gari-gari kamar ba ki da 'ya'ya. Dubi ƙafarki duk ta tsage."

Safiatu ta dubi ƙafar, sai ta fashe da dariya, irin wadda Hidaya ba ta san ta da ita ba.

"Shi yake ja na? Yarinyar nan! Babanki da ko kwalekwale ya gani sai ya fara karanta Ayatul Kursiyyu?"

Ta zauna a bakin gado, dariyar ta lafa.

"Hidaya, shekara ashirin da shida na yi a ɗakunan mutane. In ɗaga tsohuwa, in wanke ta, in ba ta magani, in zauna ina kallon bango. Akwai wata da na yi wa aiki shekara shida, kullum labarin garuruwan da ta je take ba ni, ni kuwa jirgin ƙasa mai lamba shida da ke kai ni aiki kaɗai na sani. Ranar da ta rasu na dawo na ce wa babanki, ni ma ina so in ga duniyar Allah da ƙafata kafin a fara ɗaga ni. Bai ce min don me ba. Washegari ya je ya mayar da makulli." Ta kama hannun 'yarta. "A Takoradi na shiga teku har ƙirji, da zanena. Ni, Safiatu! In kin hana, zan zauna, ba zan yi miki gardama ba. Amma ki san wa kika hana."

Kunya ta kama Hidaya, da wani irin alfahari da ya cika mata ƙirji. Tsoron bai tafi ba, yana nan inda yake. Ta goge ido da gefen ɗankwalinta, suka fito.

"Kawu, ka isar musu," ta ce. "Na ba su hanya. Allah ya kai su lafiya, ya dawo mana da su."

Falon ya ɗauki amin. Kawu ya ja doguwar addu'a, aka shafa, mata suka tashi rabon tuwo da miyar ayoyo. Safiatu tuni ta shiga ba wata labarin yadda ake cinikin ƙaguwa a Konakiri, hannuwanta na yawo a iska.

Hidaya ta kai wa Baba kwanonsa, ta durƙusa ta ajiye. Ya sunkuyo kamar zai gyara safa.

"Haba uwar gida," ya ce ƙasa-ƙasa. "Da ke na dogara fa. Sati uku ina tari a gabanki da gangan."

Ta ɗago kai, baki buɗe. "Baba! To me ya sa ba ka faɗa ba? Bari in gaya wa Kawu yanzu."

Ya riƙe mata hannu da sauri. Idonsa na can kan matarsa, wadda ke kwaikwayon tafiyar ƙaguwa a tsakiyar falo, jikoki na faɗuwa don dariya.

"Kul, kada ki soma," ya ce. "Ki dai samo min maganin amai mai ƙarfi. An ce daga Kalaba zuwa Duwala ta ruwa ake bi."