Hannun da Ya Yanka

Likita ta tsayar da Auta a bakin ɗakin marasa lafiya, ta gaya masa magana ba kwana-kwana. In mahaifinsa bai fara cin abinci ba kafin zagayenta na gobe, za a zura masa roba ta hanci. Baba kuwa ya sha faɗa cewa ranar da aka yi masa haka, a ɗauka an binne shi da ransa.

Tun da aka yi masa aiki a ciki, tsohon ya daina sha'awar komai. Auta ya dafa wake, ya dafa ƙwai, ya kawo kifi. Baba yakan taɓa cokali ya kau da kai. Abu ɗaya ransa ke so, romon nama. Sai dai mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a fawa kafin ɗansa ya ɗauko shi zuwa wannan birni na ƙasar waje neman magani, kuma ba ya kai nama bakinsa sai ya san wanda ya yanka.

"Baba, ga shi an rubuta halal a jikin murfin kwanon romon."

"Rubutun ne ya riƙe wuƙar? Wa ya yanka, shi na tambaye ka."

Sana'ar Auta kai abinci gidajen mutane ce a kan babur. Ya san ƙofar baya ta kusan kowane gidan abinci a unguwannin baƙi, ya san wanda ke sallamarsa da wuri da wanda ke shanya shi a rana. Ya ɗauka kafin azahar zai samo amsar.

Ya fara da unguwar bayan tashar jirgin ƙasa, inda kowane shago ke da allo da rubutun ƙasar mai shi, kalma ɗaya ce kawai, halal, ta haɗa tagoginsu. Mai Gemu, mai gashin nama, yana juya tsinkaye a kan garwashi.

"Ɗan babur, yau ina jakar? An kore ka ne, ko ka yi arziki?"

"Tambaya na zo yi. Wa yake yanka maka nama?"

Mai Gemu ya nuna takardar da ke rataye a bango cikin gilashi, hayaƙi ya rine ta.

"Ba takarda ba. Mutumin."

"Mota ke kawowa da safe. Direban na sani, kuma shi ko albasa ban yarda ya iya yankawa ba."

Da Auta ya yi masa bayanin Baba, sai ya daina dariya. Ya goge hannu, ya ce ya gwada tsallaken titi.

A tsallaken titi, tsakanin mai aski da mai gyaran waya, wata dattijuwa ke da shago mai tebur uku. Ita da Auta ba su da yare ɗaya, shekara da shekaru da hannu suke magana. Ya ja yatsa a wuyansa, ya buɗe tafuka. Ta gane. Ta ja shi har cikin madafa, ta ɗaga murfin firiza: kwalaye ne jere, ƙanƙara ta manne su. Ta dafa ƙirji, ta nuna sama. Sannan ta zuba masa miya a ƙaramin kwano, ta tsaya a kansa har ya shanye.

Haka ya yi ta bin layi. Masu gurasa, masu shinkafa da yaji, masu taliyar da ake ja da hannu. Wani ya ji haushi ya ce in ba a yarda da shi ba ƙofa a buɗe take. Wani ya rantse, ya sake rantsewa, amma bai da suna. Duk hanyoyin suka kai shi wani katafaren sito mai sanyi a bakin gari.

Mai siton yana sanye da rigar sanyi har gwiwa. Ya saurare shi, ya jawo kwali ɗaya ya nuna masa hatimi.

"Jirgin ruwa ke kawo su. Hannun da kake nema yana bayan teku, ɗan'uwa. Ni dai na yarda da hatimin, da shi nake ciyar da 'ya'yana."

"Babu inda mutum zai sami dabba mai rai?"

"Akwai gona can wajen gari. Ƙarshen mako suke buɗewa."

Ƙarshen mako ya yi wa Baba nisa. Auta ya koma wurin Mai Gemu ya sa aka haɗa masa romo a kula, ba yaji, ba mai da yawa. A kan hanyar asibiti ya ƙirƙiri mahauci a ransa.

Ya sami Baba a jingine da matasai, ƙasusuwan kafaɗarsa sun ɗaga rigar asibiti. Auta ya buɗe kular, ƙamshi ya cika ɗakin. Maƙogwaron tsohon ya motsa.

"Na samo shi, Baba. Dattijo ne, zai yi sa'anka. A bayan shagonsa yake yanka."

"Ka gani da idonka?"

"Ina tsaye."

"Ya ba dabbar ruwa?"

"Ya ba ta. Ya wasa wuƙar a ɓoye don kada ta gani. Ya kwantar da ita ta hagu, ya juya ta alƙibla, ya yi bisimilla a fili. Ja ɗaya."

Duk abin da ya taɓa gani yana yaro a gefen mahaifinsa ya kwashe ya ba wannan dattijon. Fuskar Baba ta saki, rabon da Auta ya ga haka tun kafin aikin. Ya miƙo hannu aka sa masa cokali.

"Ashe akwai sauran mutane a garin nan," ya ce. Ya ɗebi romon, ya tsaya. "Kira mini shi. Mahauci ba ya cin yankan ɗan'uwansa bai yi masa sannu da aiki ba."

"Baba, ka sha tukuna, zai huce."

"Gaisuwa ce kawai."

Auta ya fita baranda ya kira Mai Gemu. Ya yi magana da sauri, ƙasa-ƙasa. Kalma biyu ce, in ji shi, ka ce kai ka yanka, ka amsa gaisuwa, shi ke nan.

Mai Gemu ya amsa cikin ƙarar mai a kan wuta.

"Ɗan babur, ka tambaye ni nama, ka tambaye ni shagon ma, zan ba ka. Amma tsoho yana kwance yana tambaya don Allah, in ce masa ni ne? Wallahi bakina ba zai iya ba. Ka yi haƙuri."

Auta ya daɗe yana kallon wayar. Akwai wasu da zai iya kira, waɗanda za su yi ba gardama. Amma Baba zai tambayi wa ya koya musu, da wace irin wuƙa suke aiki, kuma ba ɗayansu da zai wuce tambaya ta biyu.

Ya koma ciki. "Wayarsa a kashe take."

Baba ya dube shi, kallo mai tsawo, babu faɗa a ciki. Ya mayar da abin da ke cokalin cikin kular a hankali, ko ɗigo bai zuba a zanin gado ba.

"Ka wahala yau, Auta. Allah ya yi maka albarka. Zauna ka sha abinka."

"Baba, malamai ma sun ce in rai yana cikin haɗari…"

"Na san abin da suka ce. Cikina ne ba zai karɓa ba. Gyara mini matashin nan."

Washegari likita ta zo, ta duba kwanon karin kumallo da ba a taɓa ba, ta yi wa ma'aikaciyar jinya magana. Aka turo ƙaramin tebur mai taya, aka ja labule. Ma'aikaciyar ta ce wa Auta ya riƙe wa mahaifinsa hannaye, don mutane kan fizge robar ba da saninsu ba. Ya riƙe. Hannayen ba su yi yunƙurin ƙwacewa ba.