Shaho Ɗaya Don Fortunata

Da watan Mayu ya kama, Natale mai hoto sai ya zama kamar ba shi da shago. Amarya ta jira, jaririn da za a yi wa baftisma shi ma ya jira. Tun da sassafe zai rataya kyamara ya hau dutsen bayan gari, ya shiga ɗan ɗakin simintin da ubansa ya gina yana fuskantar teku, ya zuba wa tsallake ido. Daga can tsibirin Sisili suke ɓullowa, shahunan nan da muke kira adorno, sun baro Afirka za su arewa yin ƙwai. Sukan iso gaɓarmu a galabaice, ƙasa-ƙasa, har ka ji kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Ɗakin nan ba don kallo aka gina shi ba. Gangaren cike yake da irinsa, kowane gida da nasa, kuma kowace taga bakin bindiga ne ke leƙowa, ban da ta Natale. Hukuma ta hana harbinsu, amma hanin bai taɓa hawa dutse ba. A garinmu kowa ya san namijin da bazara ta wuce bai harbo adorno ko ɗaya ba, to matarsa na cin amanarsa, ya yi ƙaho ke nan, kamar yadda muke faɗa a nan. Kada ka tambaye ni me ya haɗa tsuntsu da shimfiɗar mutum. Malamin makaranta da mai sayar da magani duk za su ce maka shirme ne, gari na wayewa kuma ka gan su da bindiga a kafaɗa.

Natale ma ya yi harbin a da. Ranar da ya sayo dogon gilashin kyamara ya kai ido, ya ga ƙwayar idon tsuntsun, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, daga ranar ya ɗora bindigar ubansa saman kabad. Hotunan kuwa, tsakani da Allah, ba su taɓa yin kyau ba. Ɗigo-ɗigo ne baƙi a farar takarda, kamar kashin ƙuda. Duk shekara sai ya ce bana dai zai samu na kusa.

A shagon Demetrio mai aski ake cin namansa.

"Ga maharbin da ba ya asarar harsashi! Natale, nawa ka kayar yau?"

"Talatin. Duk suna cikin fim."

"Madalla, sai Fortunata ta soya maka fim ɗin da tafarnuwa. Zauna a hankali, mutumina, kar abin da ke kanka ya fasa min madubi."

A kwashe da dariya, shi ma ya taya su. Shi a wurinsa wasa ne, ba ya bin sa har gida.

Ashe wasan ya riga shi zuwa gida. Wata Lahadi da safe Fortunata, matarsa, ta buɗe ƙofa za ta coci, ta tarar da ƙahon rago an ɗaure da jan kirtani a mariƙin ƙofar. Maƙwabta na bisa baranda, kowacce wai shanya take. Matar da daga gida sai coci sai gonar lemo, ita aka yi wa haka. Ta kwance shi, ta koma ciki, ta dire shi a gefen kofin Natale.

"Iskancin su Demetrio ne, Fortunata. Jefar da shi."

"Kai ake wa wasa, ni zagina ake yi. Jiya na shiga gidan burodi kowa ya yi tsit. Ƙanwarka, ƙanwarka ciki ɗaya, ta tambaye ni wai me mai kawo gas ya daɗe yana yi a gidanmu."

"Ai ni na san ki."

"Kai ka san ni. Da kai kaɗai nake zaune a garin?" Muryarta ta karye. "Shahuna dubbai ne suke wucewa, Natale. Guda ɗaya tak na roƙe ka. Ka harbo ɗaya su sakar min mara."

Ya je ya shaƙe Demetrio? A ce abin ya taɓa shi don gaskiya ne. Ya kai ƙara? Wa zai kai, gari guda? Ya juya maganar ta ko'ina, ya rasa ta inda zai kama ta. Tausayin matar ya cika shi, da kunyar cewa shekara da shekaru yana dariya ita tana haɗiyewa.

Kashegari ya sauko da bindigar ya goge. Kyamarar ya bar ta a rataye, don ba ya son idonta ya ga abin da zai yi, ya hau dutse.

Rana ta ɗan ɗaga shahunan suka fara zuwa. Dama da hagu bindigogi suka ɗauka, shahuna na faɗowa cikin ƙaya, wasu a ruwa. Natale ya bar na farko ya wuce, ya bar na biyu, ya bar garke guda, yana zufa. Can sai ɗaya ya ware daga 'yan'uwansa ya miƙo tagarsa kai tsaye, da ƙyar yake kaɗa fiffike. Hasken ya faɗa masa daidai, kowane zane na ƙirjinsa ya fito tar, ga idon nan. Hoton da yake nema tun ranar da ya ajiye bindiga ke nan, ya zo har gabansa. Yatsansa ya danna kamar yadda ya saba, sai dai ba kyamara ce a hannunsa ba.

Ya same shi cikin ƙaya bai mutu ba, sai da ya ƙarasa shi da hannu. Da ya ɗaga shi ya ji ba nauyi, duk naman ya ƙare a hanya, ƙashin ƙirjin kamar bakin wuƙa. Natale ya zauna a ƙasa ya yi kuka, kuka sosai, sannan ya share fuska ya riƙo tsuntsun ta ƙafa, kai ƙasa, yadda ake saukowa da shi don kowa ya gani.

Dandalin gari cike yake, an kawo babban kifin nan mai baki kamar takobi. Fortunata na cikin mata a gaban teburin mai kifi. Ta hango shi, ta hango abin da ke hannunsa, sai ta miƙe wuya ta gyara tsayuwa. Rabon da ya ga ta tsaya haka cikin mutane har ya manta.

Demetrio ya fito da aska a hannu.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Natale ya harba!"

Aka yi tafi, wani ya bubbuga masa baya. Demetrio ya zagaya tsuntsun, ya ja fiffike, ya karkata kai.

"To amma tsaya. Shekara da shekaru mutumin nan muna masa tsiya ko a jikinsa. Bana kuma, ba shiri, ya sungumi bindiga ya hau dutse. Natale, faɗa mana gaskiya, mu 'yan'uwanka ne. Me ka gani a gida?"

Dariyar ta tashi har tantabarun coci suka watse. Matan teburin kifi ba su yi dariya ba, juyowa kawai suka yi gaba ɗaya suka dubi Fortunata. Ta ajiye kifin da aka riga aka naɗe mata, ta ja gyale ta rufe kai, ta bi jikin bango ta nufi gida, ba ta ko dubi inda mijinta yake ba.

Natale ya tsaya tsakiyar dandali, jini na ɗiga a takalminsa. Can bisa dutse bindigogi na ta aiki. Ya dubi abin da ke hannunsa, ya rasa inda zai ajiye shi.