Kifin da Manaja Ya Saki

Ƙanina Sanda manaja ne. Haka duk Yauri ta sani, haka Ummanmu take faɗa a gidan biki da gidan suna, har da gyara zama. Manaja a kamfanin yawon buɗe ido a Dubai, ofishinsa a hawa na goma sha huɗu. Ni Najiba, da nake aikin jinya a garin nan, muke kuma zaune gida ɗaya da shi a unguwar Abu Hail, har yau Allah bai nuna mini hawan nan ba. Abin da na sani, kullum bayan sallar asuba yakan je Ras Al Khor ya ɗauro ƙaramin jirgin ruwa a bayan mota, ya kwashi Turawa ya kai su lungunan ruwan gishirin da ke hanyar Umm Al Quwain, ya nuna musu inda kifi yake kwana. Su kama, a ɗauki hoto, a mayar da kifin ruwa. Dokar kamfanin ke nan, wanda ya karya ta ya bar aiki. Wato sana'ar ƙanina ita ce ya wahalar da kifi sannan ya ba shi haƙuri.

Ƙaryar tana da dalili, ba zan zalunce shi ba. Mu 'ya'yan masunci ne. Shekara talatin Baba yana fita kogi, kuma duk ranar da ya dawo, kifin farko da ya kama ba na sayarwa ba ne. Umma takan tare shi a bakin ruwa ta shimfiɗa gefen mayafinta da hannu biyu, ya ɗora mata, shi za mu ci a gida. Shekara tara da suka wuce kwale-kwalensa ya kife da damina. Ranar sadakar bakwai Umma ta tara mu ta ce duk wanda ya sake shiga jirgi da sunan kamun kifi a cikinmu, ba da yawunta ba. Ta yi ta banda kifin mutane, hayaƙi yana cin idonta, har Sanda ya gama jami'a a Sakkwato. Ya zo Dubai ya yi wata takwas yana yawo da takardarsa, ba wanda ya ce ya gani, sai wani Balarabe mai jirage da ya ga yadda yake ɗaura ƙugiya.

Bana na kawo Umma a duba mata ido. Kwananta uku ta tsinci takardar tallan kamfanin a motar Sanda, ga jirgi, ga wani Bature ya rungume kifi yana washe baki kamar an yi masa haihuwa.

"Wannan ne aikin da yaranka suke yi?" ta tambaye shi.

"E, Umma. Ni dai ina ofis, ina sa hannu."

"To ka kai ni in ga yaran naka."

Mai hankali sai ya ce jirgin ya lalace. Ƙanina kuwa ya yi karatu, don haka sai ya shirya wasan kwaikwayo. Ya karɓi aron jirgin ranar hutunsa, ya roƙi Moussa, direban motar kamfanin, ya fito a matsayin jagoran masu su. Moussa mutumin Agadas ne, ruwan da ya fi sabawa da shi a duniya shi ne na buta.

"Yaya, ke dai ki yi shiru kawai," in ji Sanda.

Na ce masa ni 'yar kallo ce, kuma ba zan bari wannan kallon ya wuce ni ba.

Da hantsi muka shiga ruwa. Manaja ya sha farar shadda da hula da takalmi sau-ciki, ya ɗora rigar ceto a kai, ya zauna kusa da inji wai don ya sa wa ma'aikacinsa ido. Bakinsa bai huta ba, yana ta raɗa, hagu, dama, rage wuta. Moussa yana amsawa da Faransanci, "Pas de problème, patron," wato ba matsala maigida, gumi yana zuba daga haɓarsa. Sau biyu muka nufi itatuwan nan masu tsiro a cikin ruwa gadan-gadan, sau biyu ƙafar manaja ta taɓa sitiyarin injin bisa kuskure muka tsira.

Umma tana zaune a gaba. Tun rasuwar Baba ba ta sake hawa ruwa ba, na ɗauka za ta ji tsoro. Sai na ga ta sa yatsa a ruwan ta ɗanɗana, ta tofar.

"Wannan ruwan da miyarsa ya zo," ta ce.

Muka tsaya a wani lungu. Moussa ya ɗauko sandar fatsa yana juya ta kamar an ba shi jaririn wani. Ya yi minti biyar yana kokawa da jatan lande a kan ƙugiya, ya soke yatsansa, ya jefa zaren ya maƙale a reshe. Na dubi Sanda. Ya zauna a kan hannayensa, wallahi a kansu ya zauna, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ɗan nan," Umma ta ce wa Moussa, "wa ya koya maka su?"

"Formation muka yi, Hajiya. Horon wata shida."

"Allah ya saka wa malaminku. Jefa can, gindin itacen, inda ruwa ya yi duhu."

"Nan ne ma..." Sanda ya fara, sai ya haɗiye sauran da tari.

Moussa ya jefa, Allah ya taimake shi ta faɗa wurin. Ba a yi minti biyu ba sandar ta lanƙwashe, zare ya fara kuka. Moussa ya yi salati, ya riƙe sandar nesa da jikinsa, kifin kuwa ya ja ya nufi cikin saiwoyi, inda zare yake tsinkewa.

A nan manaja ya ajiye muƙaminsa. Ban ga tashinsa ba, sai dai na gan shi tsaye a gefen jirgin, takalmi ɗaya ya fita, sandar tana hannunsa. Ya kwantar da ita gefe, ya saki zare kaɗan, ya jawo, ya sake saki, yana magana da kifin ƙasa-ƙasa. Gwiwa ɗaya a lanƙwashe, kai a karkace. Tsayuwar Baba ce sak. Ya fito da kifin daga saiwoyin, ya sa hannu ya cafo shi. Irin wanda Larabawa suke kira hamur ne, mai ɗigo-ɗigo, ya kai tsawon damtse.

Umma ta miƙe. Ta kama gefen mayafinta da hannu biyu ta shimfiɗa.

Sanda bai gani ba. Shekara huɗu hannunsa yana abu ɗaya sau goma a yini, bai jira shawarar kansa ba. Ya zare ƙugiyar, ya sunkuya ya tallafi kifin a cikin ruwa har ya farfaɗo, ya buɗe tafinsa, har da yi masa sallama da Turanci yadda yake yi a gaban baƙi. Kifin ya kaɗa wutsiya ya tafi harkarsa.

Sannan ya juyo yana murmushi, ya ga mayafin.

Tausayinsu su biyun ya kama ni har na ji haushin kaina da na zo kallo. Moussa ya sami wani abu mai muhimmanci a ƙasan jirgi ya tsura masa ido.

"Umma," in ji Sanda, "dokar kamfani ce. Ba a ɗauka. Ni... ba manaja ba ne."

"Na sani."

"Yaya ce ta faɗa miki?"

"Ka ji shi," na ce. "Ni na kama kifin?"

"Tun a filin jirgi na ga yatsanka," Umma ta ce, har yanzu mayafin yana shimfiɗe. "Idona bai mutu duka ba. Biro ba ya yi wa mutum wannan kanta, zare ne yake yi. Kwana biyu ban yi barci ba don haushi. Daga baya na ce to, ya saɓa mini, ya saɓa, bari in je in ga ko ya gaji hannun ubansa. Na gani, ka gada. Har na ce a raina yau zan dafa kifin farko."

"Umma, ki yi haƙuri. Bari in kamo wani, ko me za a yi a yi."

"Wani ba na farko ba ne." Ta dube shi. "Shekara nawa kana wannan?"

"Huɗu."

"Kullum ka kama ka saki?"

"Kullum."

"Ba wanda ya taɓa ci?"

Ya girgiza kai. Ta saki gefen mayafin, ta karkaɗe shi ko da yake babu abin da ya taɓa shi, ta koma ta zauna tana kallon inda kifin ya nutse.

Sanda ya cire ɗaya takalmin, ya karɓi injin daga hannun Moussa, ya juya da mu. Ruwa ya fara janyewa, taɓo yana fitowa ta ko'ina, amma ya bi da mu ta wata siririyar hanya ko sau ɗaya jirgin bai taɓa ƙasa ba. Yana yi yana satar kallon Umma ko za ta juyo. Ba ta juyo ba sai da muka ga gaɓa.

"Najiba, ofishin nasa a hawa na nawa ne ma?"

"Na goma sha huɗu, Umma."

"To a bar shi a can. In na koma Yauri, shi zan ci gaba da faɗa. Wannan ban san yadda zan yi wa mutane bayaninsa ba."