Harafin da ke Saman Ƙofarmu

Da hantsi ne, ana yayyafi, motar gidan kula da tsofaffi ta tsaya can gindin tudu. Mota ba ta hawa unguwarmu a birnin Busan, sai matakala.

Yayata Hyeon-ju tana ɗaure jakar Baba. Ni kuwa na tsaya ina kallon harafin da kakanmu ya rubuta da tawada, yana rataye saman ƙofa: 孝. Ban yi nisa a makaranta ba, cikin haruffan Sin shi kaɗai na riƙe. Hyo muke ce masa, wato biyayya ga iyaye. Ina ƙarami Baba ya bi shi da yatsa ya nuna mini: na sama tsoho ne ya sunkuya, na ƙasa ɗansa ne ya tallafe shi. Ya ce daga Sin ya zo, amma mu har sunan 'ya'ya da na unguwanni muke sa wa.

Yanzu Baba ko sunana bai sani ba. Sai ya kunna murhu ya fice titi. Jirgin kamun kifin da nake wa aiki zai tashi jibi, ba dawowa sai bazara, Yaya kuma ga surukarta kwance a gida. Mun juya zancen har mun gaji.

"Dong-pil, sauke abin nan," in ji Yaya. "Kallona yake yi."

Na sauke, na jingina shi fuskarsa na kallon bango. Na durƙusa na goyi Baba. Kamar na goyi kwando.

A tsakiyar matakala muka gamu da tsoho Gil-man, abokin shan shayin Baba. Ya yi dariya ya ce, "Kai, ɗan gata! Doki ka samu da tsufanka?" Sai ya hango motar a ƙasa, ya haɗiye sauran maganar.

Baba ya sa baki a kunnena. "Malam, in ka kai ni, ka kira ɗana ya zo ya mai da ni gida. Yaron kirki ne, zai zo."

Na ce to.

Muna dab da motar takalminsa ɗaya ya zame ya faɗi cikin ruwa. Wata mai tallar kifi ta ɗauka, ta goge da gefen rigarta, ta sa masa. Kafin in juyo ta tura kurarta ta sha kwana.