Hancin Aro

Tun zazzaɓin da ya kwantar da ita da damina, Umma ba ta ƙara jin ƙamshin komai ba. Ta warke sumul, ƙarfinta ya dawo, har 'yar ƙiba ta yi, amma hancin nan ya tafi ko sallama babu. Likita ya ce wasu yakan dawo musu, wasu kuma shi ke nan, sai haƙuri. Ta ce to.

Abin ya yi mata ciwo, don a gidan nan hancinta ne mai gadi. Ita ke cewa gas na zuba tun kafin kowa ya ankara. Daga ɗaki takan ɗaga murya ta gaya wa maƙwabciyarta ta saman bene cewa girkinta ya kama. Yanzu kuwa duniya ta koma mata kamar abin da ake kallo ta bayan gilashi. Tana ganin tururi na tashi daga tukunya, tana ganin ruwan sama na dukan ƙasa, amma babu abin da ke isowa gare ta. Sabulu da albasa duk ɗaya.

Ana cikin haka Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta samu aikin jinya a wani asibiti mai nisan gaske. Ranar da suke ninke kaya a akwati, Umma ta tambaye ta abin da take so a haɗa mata na tafiya.

“Korinki kawai, Umma. Ki cika min kwalba.”

Sai da maganar ta fita sannan yarinyar ta tuna. Ta yi sauri ta gyara, ta kuwa ƙara ɓatawa.

“Ko ki bari ma. Na kanti ya ishe ni.”

Na kanti! Umma ta ci gaba da ninke zani. Tunda ta yi aure garin kori na leda bai taɓa shiga tukunyarta ba. Ita ke haɗa abinta, kuma ba ta san awo ba, ba ta san cokali kaza ba. Hanci ke cewa ƙara, hanci ke cewa ya isa.

Washegari ta shiga kasuwa, ta bi layin masu kayan ƙamshi kamar baƙuwa. Da can tun daga bakin layin take fara atishawar daɗi, yanzu kuwa da ido da yatsa ta yi sayayya. Ta murza kusbara ta ji ko ta bushe, ta karya girfa ta saurari ƙarar, ta zaɓi kurkum mai taurin dutse wanda cikinsa ya yi rawaya sosai. Ta dawo ta baza komai a faranti, ta tsince tsakuwa da ƙaiƙayi, sannan ta zauna ta zuba musu ido.

Ranar ba ranar aiki ba ce ga maigidan. Mai gyaran famfo ne, mutum mai tsadar magana. A duk tsawon zamansu, yabon da ya taɓa yi wa girkinta bai wuce “ya yi” ba. Yana zaune a bakin ƙofar kicin a kan 'yar kujera, ya kwance wani tsohon kan famfo yana goge tsatsa.

“Baban Auta, aron hancinka nake so.”

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. “Wane hancin? Wannan da ya ƙare a kwatar mutane?”

“Shi ɗin dai. Wanke hannu ka matso.”

Ya ajiye sifana, ya wanke hannu har gwiwa kamar zai shiga tiyata, ya jawo kujerarsa kusa da murhu. Ta ɗora busasshen kasko a wuta kaɗan-kaɗan, ba mai ba ruwa, ta zuba kusbara. 'Yan ƙwayoyin suka yi ta gangarawa ƙarƙashin cokalin katako, suna ƙara irin ta yayyafi a kan kwano.

“Me ka ji?”

“Ƙamshi.”

“Ai na san ba wari ba ne. Wane iri?”

Sai ta ga ya lumshe ido.

“Kin tuna doguwar motar da muka shiga za mu gaida yayarki, muna sababbin aure? Wata mata a kujerar gabanmu tana ɓare lemo. To, shi ne. Kika yi barci a kafaɗata. Hannuna ya mutu murus, na ƙi motsawa.”

Cokalin ya tsaya a hannunta. Ita ba ta tuna da wata mai lemo ba. Amma da ya faɗa sai ga motar ta dawo, da labulen tagarta shuɗi mai lilo, da gonaki suna gudu da baya.

“In lemon ya fara komawa kamar soyayyar gyaɗa, ka gaya min,” ta ce a hankali.

Can ya ce, “Ya koma.”

Ta juye a faranti, ta zuba ƙwayoyin da ake kira kamun, 'yan sirara masu kama da ƙananan jiragen ruwa. Bai ko jira tambaya ba ya yamutsa fuska.

“Wannan kam rigar aikina ce da yamma.”

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda rabonta da ita tun kafin ciwo. “Shi ne kamun ɗin. Haka yake kafin wuta ta lallashe shi. Jira ka ji.”

Ya jira. Hasken hantsi ya shigo ta taga ya kwanta a kan kaskon, hayaƙi siriri yana tashi ta cikinsa yana murɗawa. Muryarsa ta sauka ƙasa, kamar mai magana cikin barci. Ya ce yanzu ya zama ɗakinsu na fari, mai yoyon nan, ranar da ruwan farko ya sauka bangon ya jiƙe. Ya ce tana tsaye da roba a ka tana tarar ruwa tana masa faɗa, shi kuma yana ta kallon yadda ɗigon ke bin hannunta.

“Au, kallo kake yi? Ni ina can ina cewa tunanin gyara kake.”

“Har da shi.”

Haka suka yi ta tafiya. Kanumfari ya kai shi shagon mai cire haƙori, ya ce a sauke shi da wuri. Masoro ya ce sanyin asuba ne a tasha. Umma tana juya cokali, amma rabin hankalinta ya bar kicin ɗin. Tana bin mutumin nan cikin ɗakunan da ta zauna a cikinsu shekara da shekaru, tana ganinsu ta wata ƙofar da ba ta san da ita ba. Ashe duk shirun nan nasa ajiya yake yi.

A cikin wannan yawon ne ta zuba hulba ta manta da ita. Hulba kuwa ba ta da haƙuri da wuta.

“Maman Auta, kamar wayar lantarki na ƙonewa.”

Ta duba. Ƙwayoyin da ya kamata su yi ruwan zuma sun yi baƙi ƙirin, hayaƙi ya turnuƙe a gaban fuskarta, ita kuwa ko alama ba ta ji ba. Ta sauke kaskon da ƙarfi har ya yi ƙara a kan siminti.

“Ka gani ko? A gabana! A ƙarƙashin hancina! Da can daga bakin titi zan ji wannan.” Ta jefar da cokalin. “Bari kawai a saya mata na kantin.”

Bai ba ta haƙuri ba, don ya san ba shi take so ba. Ya ɗauki kaskon ya kai famfo, ya kankare shi tas, ya goge da tsumma, ya mayar a wuta. Ya miƙa mata sauran hulbar da cokalin, ya koma kujerarsa ya zauna.

Ta share ido da bakin ɗankwali, ta zuba. A wannan karon ba ta ɗauke ido ba. Ƙwayoyin suka fara sauya launi a hankali. Ta jira ya yi magana, bai yi ba.

“Baban Auta?”

Idonsa a rufe, hannayensa a kan gwiwa.

“Sauke,” ya ce. Ta sauke. Sannan ya ci gaba. “Wuyan yaron nan ne.”

Ba ta tambayi wane yaro ba. Ɗansu na fari, wanda bai kai ga yaye ba. A lokacin ruwan nono ya yi mata ƙaranci, aka ce ta riƙa shan jiƙon hulba, ta sha har ƙamshin ya kama jikinta, ya kama na jaririn. Tun ranar da aka dawo daga kai shi makwancinsa, mutumin nan bai ƙara ambatonsa ba. Ta yi shekaru tana jin haushin wannan shirun a ɓoye, tana zaton ita kaɗai ke ɗauke da yaron.

“In na dawo aiki nakan ɗauke shi in sa hancina a nan,” ya nuna ƙasan kunnensa. “Zaƙi-zaƙi, kamar sukarin da ya fara narkewa. Duk ranar da kika haɗa korin nan ina jin sa daga tsakar gida. Shi ya sa nake fita.”

“Ni na zaci yajin ne ke damunka.”

Ya girgiza kai.

Ta jawo farantin ta sunkuya a kansa, ta ja numfashi har ƙirjinta ya cika. Babu komai, sai ɗumi a fuska. Amma da ta rufe ido sai ga nauyin yaron a hannunta, ga ɗan gashinsa mai laushi ya manne da gumi, ga wannan ninkin wuyan. Ta daɗe a haka. Can waje wani mai keke ya wuce yana kaɗa ƙararrawa, a saman bene ana jan kujera. Babu wanda ya yi kuka a cikinsu. Da ta ɗago, ya riga ya jawo ɗan turmi yana goge cikinsa.

Shi ya yi dakan. Hannun da ya saba da murɗa ƙarfe bai sha wuya da kurkum ba. Ya farfasa shi da busasshiyar citta, sannan ya bi da soyayyun ƙwayoyin bayan sun huce. Ita kuma tana tankaɗe, tana mayar masa da tsakin ya sake dakawa. Garin ya yi ta tashi yana shawagi cikin hasken taga, rawaya kamar an niƙa rana. Ya sauka a girarsa da gashin bakinsa, ya rina mata tafin hannu. Da aka zo kan barkono, su biyun suka kama atishawa ba ƙaƙƙautawa.

“Alhamdu lillahi,” ya ce yana share hawaye. “Ashe hancin naki yana nan da ransa. Yajin aiki kawai yake yi.”

Wajen haɗawa ne suka yi gardama. Takan ɗebo da yatsu uku ta kai masa hanci, ya ce kurkum ya danne kowa, ta ƙara kusbara. Ta ɗanɗana a harshe, abin da take iya ji kawai ɗaci da zafi, ta ce barkono ya isa. Shi kuma ya nace sai an ƙara girfa.

“Kori ne fa, ba shayi ba.”

“Ke kika ari hancin. In kin raina ki dawo min da abina.”

Ta ƙara. Da ta juya ɗauko kwalba ta gan shi ta wutsiyar ido yana sake barbaɗa wata, ta yi kamar ba ta gani ba.

Da la'asar Auta ta dawo daga sallama da ƙawayenta. Tun daga matakala suka ji muryarta tana cewa unguwa duk ta ɗauka da ƙamshi. Ta shigo ta tarar da iyayenta zaune a ƙasan kicin, rawaya tun daga kai har ƙafa kamar waɗanda suka faɗa buhun fenti. Ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta ɗan karkata kai.

“Ya yi daɗi. Amma ba irin na da ba ne, Umma. Wannan ya fi zaƙi.”

“Tambayi Abbanki.”

“Abba? A kicin?”

“Aiki aka kira ni,” ya ce, ya tashi yana kakkaɓe wando.

Bayan kwana biyu suka raka ta tasha. An naɗe kwalbar cikin zani an tura ta tsakiyar akwati. Motar ta tashi, Auta na ɗaga hannu ta taga har ta sha kwana.

Suka ƙi hawa abin hawa, suka taka da ƙafa. An yi yayyafi da safe, titi na sheƙi. Hancin Umma bai dawo a wannan shekarar ba, kuma ta daina zuwa wajen likita a kansa. Amma a ranar, da suka zo daidai wani lungu, ta ga ya ɗan rage tafiya yana ɗaga kai.

“Mene ne?”

“Gidan burodi, can baya. Yanzu suka fitar. Akwai kuma ɗanyen siminti, ana gini a wani wuri.” Ya ƙara jan iska. “Da wata bishiya mai fure, ban san sunanta ba.”

“Kamar me take?”

“Tsaya in ji da kyau.”

Suka tsaya a gefen hanya, masu wucewa suna kauce musu. Ya lumshe ido, ita kuma ta gyara mayafinta tana jira.